Kai 'Ya'yan Riƙo Wurin Wasa: Abin Da Ya Kamata Iyali Su Sani

Bayan an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, yara kuma sun sami hutun makaranta, iyalai da yawa sukan yi tunanin kai yaransu birni su buɗe ido. Waɗansu sukan tafi su kaɗai, waɗansu kuma makarantar Lahadi ce ko zumuntar mata takan ɗauki shatar mota a tafi tare. Ga yawancin yara, ranar da aka kai su wurin wasa ba ta mantuwa. Za su yi ta ba da labarin lilo da jirgi har wata Kirsimeti ta zagayo.

A garuruwanmu kuwa, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan da ake riƙon ɗan wani ba. Wani ɗan ƙane ne ko ɗan ƙanwa da iyayensa suka rasu. Wani rikici ne ya raba shi da garinsu. Wani kuma daga gidan marayu aka ɗauko shi ta hannun kotu. Mariƙan irin waɗannan yara sukan dawo daga fita cike da mamaki. An kashe kuɗi, an sha wahalar hanya, amma yaron da aka yi tafiyar dominsa ya ƙi hawa kome, ya maƙale a zanen uwa, ya yi ta kuka, da dare kuma ya yi fitsarin kwance. Sai a ce ba shi da godiya.

Yaron ba butulci ya yi ba. Akwai dalilin da ya sa yakan yi haka, akwai kuma yadda za a shirya tafiyar ta zama alheri gare shi. Abu uku yake bukata ya gani a wannan rana: an tafi da shi, an yi masa daidai da sauran yara, an kuma komo da shi gida.

Wane irin wuri ne?

Wurin wasa babban fili ne da aka kewaye, aka zuba masa kayan hawa iri-iri, yawancinsu masu aiki da lantarki ko janareta. Akwai lilo mai kujeru da ke juyawa, da dawakan wasa masu zagayawa suna hawa suna sauka, da ƙaramin jirgin ƙasa, da ƙananan motoci da yara ke tuƙawa suna karo da juna, da gidan iska da ake tsalle a ciki. A manyan wurare akwai ƙaton wili mai kujeru da yakan ɗaga mutum sama har ya hango gari, da jirgi mai hawa tudu ya gangaro a guje. Akan biya kuɗin shiga a ƙofa, sa'an nan a wurare da yawa kowane abin hawa yana da nasa tikiti.

A Jos akwai wurin wasa mai sunan Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko na Jihar Filato, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Akwai kuma gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da gidan zu da ke kusa da gidan tarihi a cikin gari. A Kaduna akwai Gamji a bakin kogi, inda tsohuwar gadar ƙarfe ta Lugard take, wadda aka kwaso daga Zungeru a 1954. A Abuja akwai Magicland kusa da ƙofar shiga birni, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland. Kayan irin waɗannan wurare sukan lalace a gyara, farashi kuma yakan canja. Saboda haka ku tambayi wani ɗan'uwa mazaunin garin kafin ku sa rana.

Kada a ɗauka wasa ɓata lokaci ne. Da wasa yaro yake koyon jiran layi, da gwada ƙarfinsa, da yarda da mutane. Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa hutu da wasa cikin haƙƙin kowane yaro. Haka ma Dokar 'Yancin Yara ta Nijeriya ta 2003. Ɗan riƙo yana cikin wannan haƙƙi kamar kowa, ko da yake a gidaje da yawa shi ne akan bari tsaron gida da awaki in za a fita.

Me ya sa ɗan riƙo yakan ji daban?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sami yara masu ɗimbin yawa a Turai da suka rasa iyaye da muhalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya bincika halin da irin waɗannan yara suke ciki. A rahoton da ya fitar a 1951 ya nuna cewa abinci da tufafi kaɗai ba su isa yaro ba. Yana bukatar mutum tsayayye mai ƙaunarsa, wanda ya san zai same shi yau, ya kuma same shi gobe.

Wata mai bincike da ta yi aiki tare da shi, Mary Ainsworth, ta je Uganda a 1954. Ta riƙa ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala, tana zama tana kallon uwaye da jariransu. Ta lura cewa jaririn da ya amince da uwarsa yakan rarrafa ya yi nisa, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, yana waiwaye. In wani abu ya tsorata shi sai ya dawo jikinta, in ya natsu ya sake fita. Kowace uwa a ƙauye ta san wannan, domin haka 'yan tsaki suke yi da kaza. Ma'anarsa ita ce, yaro yakan yi ƙarfin halin yin wasa ne gwargwadon yadda ya tabbata yana da wurin komawa.

To, yaron da ya taɓa rasa wurin komawarsa fa? Ko da ya shekara biyu ko uku a gidanku yana ci yana sha, a can cikin zuciyarsa tambayar tana nan: ko nan ma wata rana za a rabu da ni? Ranar fita takan tayar da wannan tambaya ta hanyoyi da dama.

*Tafiyar kanta.* Ku tuna yadda ya zo gidanku. An tashe shi da sassafe, an yi masa wanka, an sa masa riga mai kyau, an sa shi a mota, bai kuma sake kwana a inda ya saba ba. Yanzu ga shi an tashe shi da sassafe, an yi masa wanka, an sa masa riga mai kyau, ana cewa a je tasha. Ku kun san wasa za a je. Shi abin da ya sani daban ne.

*Ƙara da cunkoso.* Da yawa daga cikin marayun da ke hannunmu tashin hankali ne ya mai da su marayu, tun daga rikicin Jos na 2001 zuwa na Arewa maso Gabas da ya ɓarke a 2009, da hare-haren da aka sha kai wa ƙauyuka. Fashewar balan-balan, da ƙarar abin wasan wuta na Kirsimeti, da ihun mutane a kan lilo, da yara suna gudu gaba ɗaya, duk suna kama da abin da ya taɓa gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

*Jiki kansa.* In mutum ya firgita, waɗansu 'yan halittu da ke saman ƙoda sukan saki wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya yi gumi. Abin da lilo mai gudu yake sa jiki ya yi ke nan. Yaron da hankalinsa yake kwance yakan ji daɗin wannan, domin ya san za a tsaya a sauke shi. Yaron da ya taɓa gudun ceton rai kuwa, jikinsa yana gaya masa ranar nan ce ta dawo. Ba ya iya faɗin haka da baki, sai dai ya yi kuka, ko faɗa, ko ya daskare.

Akwai kuma waɗansu yara da nasu yakan fito ta wata fuska. Ba sa tsoron kowa, kowa suka gani sai su bi shi. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989 an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na hukuma. Masana sun bi rayuwar yara 136 daga cikin irin waɗannan gidaje a birnin Bukares tun daga farkon shekarun 2000. A wani gwaji sun aiki baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wa yaro ya biyo shi. Yaran da suka yi zaman gidan marayu sun fi saurin bin baƙon a kan waɗanda suka tashi a gaban iyayensu. Dalili shi ne hannaye da yawa sun yi renonsu, ba su koyi bambanta nasu da bare ba. A gida mukan yaba wa irin wannan yaro mu ce ba shi da ƙiwa. A cikin taron birni kuwa, shi ne ya fi bukatar a sa masa ido. Wannan bincike ya kuma nuna abin ƙarfafawa: yaran da aka fitar aka ba iyalai riƙo sun fi ci gaba a kan waɗanda aka bari, musamman waɗanda aka ba da su kafin su cika shekara 2. Zaman iyali yana warkarwa, sai dai a hankali yake yi.

Shiri kafin ranar

Rigakafi ya fi magani. Yawancin aikin a gida ake yinsa.

- Kada ku yi gaggawa. Yaron da ya zo gidan kwanan nan, ku bari ya saba da ku da gidan tukuna. Ku fara da kasuwar mako, ko ziyarar dangi a ƙauye na kusa, ku ga yadda zai yi.
- Kada ku ɓoye masa tafiyar da nufin ba shi mamaki. Ku gaya masa tun saura kwana uku ko huɗu.
- Ku faɗa masa yadda ranar za ta kasance daga farko har ƙarshe, ku kuma nanata ƙarshen. Misali: “Ɗana, ran Asabar za mu je Jos, ni da kai da Baba da su yayanka. Za mu hau lilo, mu ci shinkafa, kafin rana ta faɗi mu dawo gida. A kan tabarmarka za ka kwana.”
- Ku bar masa wani aiki da zai dawo ya tarar, kamar ba kajinsa hatsi da yamma. Wannan yakan tabbatar masa da dawowa fiye da dogon bayani.
- Kada a kwashe kayansa a zuba a jaka a gabansa. Abin da zai riƙe ƙarami ne, kamar hularsa ko wani abin wasa da ya saba da shi.
- Ku zaɓi rana mara cunkoso. Ranar 26 ga Disamba, da ranar sabuwar shekara, da Litinin ta Ista, da ranakun Salla, da Ranar Yara ta 27 ga Mayu, wurin yakan cika maƙil. Wata rana cikin hutu ta fi sauƙi, da safe kuma ya fi.
- Kada a mai da tafiyar abin barazana. In kun riƙa cewa “in ka yi rashin ji za a bar ka a gida,” abin da yake ji shi ne “za a bar ka.”

Kuɗi da adalci

Yara sun iya lissafi tun kafin su shiga makaranta. Ɗan riƙo yana ƙirga lilo nawa ɗan gida ya hau, da wa aka saya wa balan-balan, da wa aka ba cinyar kaza. Ba zai yi magana ba, amma zai riƙe.

Ku raba kuɗin tafiya kashi huɗu tun a gida: na mota zuwa da dawowa, na shiga da tikiti, na ruwa da ɗan abin taɓawa, da na ko-ta-kwana. Na dawowa a ƙulle shi daban, kada a taɓa. Sa'an nan ku yi lissafi. In yara huɗu ne, kowa zai hau abu uku, tikiti 12 ke nan. In kuɗin 8 ne kawai a hannu, kowa ya hau biyu. Ku gaya musu adadin tun kafin a shiga ƙofa. In za a yi anko, a yi wa kowa. In ba hali, kowa ya sa abin da yake da shi mai tsabta.

Akwai kuskure na biyu, wato a fifita ɗan riƙo saboda tausayi. In aka saya masa abin da ba a saya wa 'ya'yan gida ba, za su ƙullace shi, shi kuma zai gane har yanzu baƙo ne. Haka nan kada yarinyar riƙo ta zama ita ce mai goyon jariri da ɗaukar kula da tsaron takalma yayin da sauran suke kan lilo. In haka ta faru, aiki aka kai ta. Kaya da goyo na manya ne a wannan rana.

Hanya da takardu

Ku tashi da wuri, ku shiga mota a tasha, ku kuma shirya dawowa da rana tsaka-tsaki domin dare kada ya same ku a hanya. Yaron ya zauna kusa da wanda ya fi sabawa da shi. In yana amai a mota, a ba shi abinci kaɗan kafin tashi, a zaunar da shi inda iska ke shiga, a riƙe leda da ɗan tsumma.

Saboda matsalar safarar yara, wadda ta sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, jami'an tsaro a shingen hanya suna iya tambayar mai tafiya da yara. Wannan domin kare yaran ne. Wanda ya ɗauki ɗa ta kotu ya riƙe kwafin takardar kotu. Wanda yake riƙon ɗan dangi ya riƙe takardar haihuwar yaron, ko wasiƙa daga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko daga mai unguwa ko fasto. In ƙungiya ce, shugaban tafiya ya riƙe jerin sunayen yara duka da lambar wayar mai kula da kowane ɗaya. In an yi tambaya, a amsa da ladabi, in da hali a ɗan matsa gefe, domin kada yaron ya ji ana muhawara a kan ko ɗan wane ne shi.

A cikin wurin

Da shigarku, kada ku ruga wurin lilo. Ku tsaya ku zaɓi wuri ɗaya mai sauƙin ganewa, kamar wata babbar bishiya ko ɗakin sayar da tikiti, ku ce nan ne mahaɗa. Ku nuna wa yara ma'aikatan wurin da irin rigarsu. Kowane ƙaramin yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunan mai kula da shi da lambar waya. Mai waya ya ɗauki hoton yaran a ƙofa, domin in wani ya ɓace a san irin rigar da ya sa. Kowane babba a ba shi yaransa da suna. Inda aka ce kowa yana lura, a nan ne yaro yakan sulale.

Ku fara da abu mai sauƙi. A bar yaron ya tsaya ya kalli abin hawa ya yi zagaye ɗaya ko biyu, ya ga an tsaya, ya ga yara sun sauko suna dariya. In ya yarda, babba ya hau tare da shi inda aka yarda da haka. In ba a yarda ba, a tsaya inda zai riƙa ganinku duk zagayen da ya yi, ku ɗaga masa hannu. Kada ku matsa daga nan sai ya sauko, ko da sayen ruwa ne. Waiwayen nan da yake yi, yana duba ko kuna nan ne.

In ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Kada a ce masa matsoraci, kada a bar sauran yara su yi masa dariya, kada kuma a ce “ka san nawa na biya?” Yaron da ya wuni yana kallo yana riƙe da hannun Mama, ya sami rabonsa. Wani zuwan zai hau.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ga alamun da ke nuna abin ya fara yi masa yawa:

- ya yi shiru ƙwarai, idonsa a waje ɗaya;
- ya toshe kunne, ko ya ɓuya a bayan mutum;
- ya riƙa gudu da dariyar da ta wuce kima, ba ya jin kira;
- ya fara dukan 'yan'uwansa ba dalili;
- ya riƙa tambayar yaushe za a tafi gida, ko ya ce cikinsa yana ciwo.

In kun ga haka, mutum ɗaya ya janye shi zuwa inuwa nesa da lasifika, ya zauna da shi, ya ba shi ruwa da ɗan abinci. Magana kaɗan ta isa: “Ina nan. Ba inda za ni.” Duka ko tsawa a wannan lokaci ƙara wuta ne. Awa uku ko huɗu sun ishi ƙananan yara. Gara a fita suna marmarin ƙari da a fita ana jan su suna kuka.

Game da lafiya, ku bi dokar kowane abin hawa. In an ce tsawon yaro bai kai ba, kada a roƙi ma'aikaci, domin ƙarfen da ke tare mutum ba zai riƙe ƙaramin jiki ba. Ku duba da idonku ko bel ya ɗauru. Kada a hau abu mai juyawa da cikakken ciki. A cikin kunne akwai wani ruwa da ke taimakon mutum ya tsaya daidai, juyi yakan kaɗa shi, shi ya sa ake jin jiri da tashin zuciya. Yaro mai sikila yana bukatar ruwa a kai a kai, da hutu, da rigar sanyi in lokacin hunturu ne, musamman a Jos. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin tafiya, a kuma tafi da maganinsa. Sau da yawa mariƙa ba su san tarihin lafiyar yaron duka ba, wannan ma dalili ne na bi a hankali.

Ku tafi da guzuri in wurin ya yarda a shiga da shi: dafa-duka, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ayaba, da ruwa mai tsabta. Yaron da ya taɓa sanin yunwa yakan damu da abinci ƙwarai, har ya ɓoye shi a aljihu. Kada a kunyata shi. A ba shi ɗan ƙunshin gyaɗa ko biskit nasa na kansa tun da safe, ya san yana da abin ci a hannu.

In mutane sun yi tambaya

A mota ko a layi ba a rasa mai cewa, “Wannan kam bai yi kama da ku ba,” ko “Wanne ne naki na cikinki?” Yaron yana jin amsar da za ku bayar, ita ce kuma zai tafi da ita gida. Amsa gajeriya ta isa: “Mama, duka nawa ne.” Ba ƙarya kuka yi ba, ba kuwa dole ne baƙo ya san sauran ba. Labarin yadda iyayensa suka rasu nasa ne, shi zai zaɓi wanda zai gaya wa in ya girma. Haka nan in za a sa hoton fita a Facebook ko WhatsApp, kada a rubuta “marayan da muke taimako” a ƙarƙashinsa. Hoton iyali ne, a bar shi haka.

Wani lokaci a tsakiyar murna yaro yakan ce, “Da mamana tana nan.” Kada ranku ya ɓaci. Bai raina ƙoƙarinku ba. Daɗin da ya ji ne ya tuna masa da wadda yake so ta gani. Ku ce, “Gaskiya ne, da ta ji daɗin ganinka a kan dokin nan.” Yaron da aka bari ya ambaci iyayensa na fari a gabanku, ya fi saurin sakin jiki da ku.

Bayan an dawo

Da isowa gida a koma ga abin da aka saba: a ba kaji hatsi, a yi wanka, a ci tuwo, a yi addu'ar dare, kowa ya kwanta a wurinsa. Kwana biyu ko uku bayan fita, yaron yana iya yin fitsarin kwance, ko mugun mafarki, ko rigima fiye da kullum. Gajiya ce da saukar tsoron da ya danne. A yi haƙuri, zai wuce. In ya wuce makonni yana firgita, ba ya barci, ba ya ci, a kai shi asibiti a yi wa ma'aikacin lafiya bayani.

In an sami hali a wanke hoto ɗaya da kowa yake ciki, a manna a bango. Yawancin 'ya'yan riƙo ba su da hoton jarirantakarsu, ba kuma wanda yake ba su labarin “lokacin da kake ƙarami.” Wannan fita takan zama labari na farko da suke da shi tare da ku. Ku riƙa tuna shi a hira: yadda Baba ya rufe ido a kan lilo, yadda Goggo ta ƙi hawa jirgi. Da irin wannan ake zama 'yan gida ɗaya.

In kuɗi bai kai ba

Ba kowane gida ne zai iya kai yara Jos ko Abuja ba, ba kuwa abin kunya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyalai uku ko huɗu suna iya yin adashi tun daga kaka, su ɗauki mota ɗaya. In ikilisiya ce za ta shirya, ya fi kyau a ce fitar iyalai ce, kowane yaro ya tafi tare da mai riƙonsa. In aka ware marayu kaɗai a mota ɗaya, aka sa musu riga mai rubutu, an ƙara nuna su da yatsa ne. Taimakon da za a yi wa gidan da ba shi da ƙarfi, a yi shi a asirce ta hannun dattawa.

In ma birnin bai yiwu ba, a ɗaura lilo da igiya mai ƙarfi a reshen mangwaro, a dafa shinkafa, a tafi gindin dutse ko filin makaranta a wuni tare. Abubuwan nan uku ba su canja ba: a tafi da shi, a yi masa daidai da kowa, a komo da shi gida.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. A garinmu, in za a yi tafiya ko biki, wane yaro ne akan bari a gida? Me ya sa?
2. Waɗanne kalmomi muke kiran 'ya'yan riƙo da su a gabansu? Yaya suke ji?
3. Ta yaya za mu gane yaro yana jin tsoro ne, ba taurin kai yake yi ba?
4. Waɗanne wurare ne kusa da mu da iyali za su iya wuni tare ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba?
5. Wa zai taimaki kaka ko gwauruwa mai riƙon jikoki ta sami damar fita da su ko sau ɗaya a shekara?